Koma Ka Rufe wa Tsohon Nan Ƙofarsa

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jinƙai.

Daga mahaifinka Malam Garba, na bakin kanal a ƙasar Kura, zuwa ga ɗana Hamisu, mai karatun aikin gona a ƙasar Ailan.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, ya tsare ka daga sanyin ƙasar da kake, da sharrin hanya, da sharrin abokin banza, da sharrin kanka, wanda na lura shi ne ya fi kusa da kai a 'yan kwanakin nan. Innarka tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko kana cin abinci. To, na tambaya. Labarin gida ba zan ba ka ba, kowa yana nan inda ka bar shi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami daban ne. Ka kuma san rubutuna, na yaƙi da jahilci ne, ba ya sauri. Yadda na daure na rubuta, haka za ka daure ka karanta, kada ka tsallake ko layi ɗaya.

Takardarka ta iso tare da hotuna. Direban da ke ɗauko mana wasiƙu daga gidan waya ne ya miƙo mini ita ta tagar mota, yana cewa, "Baba, ga ta Turai." Na dubi kan sarkin da ke jiki, na ji daɗi ya taso mini tun daga ciki. A nan na yi kuskure, kuma zan faɗa maka shi don ka san irin uban da kake da shi. Maimakon in shiga ɗaki in karanta ni kaɗai, sai na soka ta a aljihu, na jira aka idar da sallar la'asar, jama'a suka baje a gindin darbejiyar ƙofar masallaci, sannan na zaro ta a hankali yadda kowa zai gani. So nake a san ɗan Garba yana ƙasar waje. An kuwa sani.

Malam Idi yana wurin, wanda ya koya maka karatun allo. Buba Bafulatani ma yana wurin, ya tsaya da sandarsa a kafaɗa, a kan hanyarsa ta komawa ruga. Ka san Buba, ka kuma san tun ranar da ya ji kakanninmu Barebari ne bakinsa bai taɓa hutawa a kaina ba.

Da farko abin ya yi kyau. Na karanta musu yadda makarantarku ta ɗebe ku a bas ta kai ku yawon buɗe ido ƙauyukan yammacin ƙasar. Na karanta musu tuddai koraye shar har inda ido ya tsaya, babu jar ƙasa ko faɗin tafin hannu. Da katangun duwatsu da aka jera ba laka ba siminti, suna hawa tudu suna gangarawa kwari. Da dutsen da ka ce ya yanke tsaye a bakin teku, in mutum ya leƙa sai ya ga tsuntsaye suna yawo a ƙarƙashin ƙafarsa. Da yayyafin da ba ya gajiya, da ranar da ba ta son faɗuwa har kuka riƙa ruɗewa da lokacin magariba. Malam Idi sai "Tabarakallah, tabarakallah" yake yi. Da na zo kan tumakin da aka shafa wa shuɗi da ja a gadon baya don kowa ya gane nasa, Buba ya ce, "Kai! Su can har tumaki ake sa wa lalle? Aure za a yi musu?" Aka tuntsire da dariya, hotuna suna zagayawa daga hannu zuwa hannu, ni kuwa ina zaune sai ƙara faɗi nake a kan tabarma.

Sai na juya shafi. Mai karatu irin nawa ba ya hango abin da ke gaba, kalmar da ke bakinsa ita kaɗai yake gani. Da ina hangowa, da na yi tari na ninke takardar. Haka na bi maganarka ɗaya bayan ɗaya da babbar murya, har na zurma cikin ramin da ka haƙa mini. Bari in maido maka da abin da ka rubuta, ko ka manta:

"Da bas ta tsaya, ni da abokaina muka hango wani fili, ciyawa har gwiwa, da furanni a ciki. Muka tsallaka katanga, muka ratsa ta cikin wasu shanu, muka buɗe ƙofar ƙarfe muka shiga, muka yi ta birgima muna ɗaukar hoto. Ashe shanun sun biyo mu ta ƙofar. Sai ga wani tsoho da kare da sanda yana ihu, fuskarsa ta yi ja kamar tumatirin Kadawa. Muka ruga bas muna dariya. Direba ya ce wai gonarsa ce, wai jira yake ciyawar ta isa yanka ya adana wa dabbobi saboda lokacin sanyi. Baba, ka ji mutane, ciyawa suke nomawa! Har yanzu in na tuna tsohon nan sai dariya ta kama ni."

Na kai ƙarshe na ɗaga kai. Ba wanda dariya ta kama.

Hoton wurin a hannun Buba yake a lokacin. Ga ka kwance cikin ciyawar mutane, ka harɗe ƙafa, haƙora a waje. A bayanka ga ƙofa a wangale, ga kan saniya ya riga ya shigo. Buba ya kai hoton kusa da ido, ya nisantar da shi, ya sake kawo shi kusa, sannan ya ce, "Garba, tun muna yara kuke cewa mu ne masu ɓarna. To, shanuna dai ba su taɓa hawa jirgin sama sun je sun yi ta a ƙasar wani ba. In ma sun yi, ba sa aiko da hoto."

Na ce, "Buba, ba ni hoton nan."

Ya ce, "Tsaya mana, ina kallon saniyar ne. Ita kaɗai ce ke da uzuri a cikinsu."

Malam Idi ne ya so ya rufa mini asiri. Ya ce, "Malam Garba, duba ƙasa. Wataƙila ya ce ya koma ya ba mutumin haƙuri." Na duba. Na bi layi-layi da yatsa, kowa yana jira. Abin da ke ƙasa shi ne a aiko maka da yaji da daddawa.

Hamisu, raina ya ɓaci, kuma har yanzu da nake rubutun nan bai gyaru ba. Ba don kunyar da na sha a gindin darbejiya ba. Wannan ni na saya wa kaina, kuma shawarar da ke cikinta gajeriya ce: duk abin da ya zo maka a rufe, ka buɗe shi kai kaɗai kafin ka kira jama'a, kuma kada ka yi alfahari da abin da ba ka ga ƙarshensa ba. Abin da ya ɓata mini rai shi ne tsohon nan. Ka bar shi tsaye a gonarsa da shanu a ciki, ka shiga mota kana dariya, ka kwana ka tashi, ka sake yin dariyar a takarda, ka liƙa mata kan sarki ka aiko wa ubanka, wanda shi ma tsoho ne mai gona.

Na fahimci yadda aka yi ka shiga. A wurinmu ciyawa ba ta da mai ita. Ita muke yini muna cirewa a gona, wadda ke daji kuwa kowa ya ga dama ya sa lauje. Yaron da ya tashi a nan in ya ga fili ba dawa ba gero ba kunya, sai ya ce daji ne. Wannan kuskuren baƙo ne, da a nan ka tsaya da ban ɗauki alƙalami ba. Amma katangar fa? Dutse ba ya jera kansa. Ƙofar ƙarfen fa, a daji ka taɓa ganin an sa ƙofa? Kuma bayan direba ya faɗa maka gonar mutum ce, abincin dabbobinsa ne na watannin da ƙasa ba ta fitar da komai, me ya rage na dariya? Ai ka ga Innarka tana hana ku hawa tarin harawa, ka ga yadda Buba ke rama tare da shanunsa a ƙarshen rani. Rumbun mutum ka shiga ka yi birgima, don kawai ba a yi masa jinka ba.

Bari in ba ka labarin hotona, ni ma ai an taɓa ɗauka ta. Kana makarantar kwana a lokacin. Shekarar da alkama ta fara karɓar mu ce, bayan an kawo ruwan Tiga. Tsakiyar rani, ko'ina ya bushe ƙaƙas, amma daga Kura har Bunkure kore ne shar kamar an shimfiɗa darduma. Mutanen birni suka riƙa zuwa kallo. Wata safiya malamin gona ya kawo bas guda cike da baƙi, ɗalibai da manya masu kwat, har da Turawa, ya tsayar da su a gonata don ita ce ta fi kyau a layinmu. Ranar kuwa ranar ruwana ce. Na jera tiyo a bakin ƙaramin kanal, na ja ruwa ya kama, yana shiga fangali ɗaya bayan ɗaya yadda nake so.

Suka sauko ba sallama. Suka hau gefen fangali da takalma masu tsini. Wani ya ce zai tsallake hanyar ruwa don a ɗauke shi yana sama, ya dira a kan gaɓa, gaɓa ta ɓalle. Wani ya yi tuntuɓe da tiyo, iska ta shiga, ruwa ya yanke. Wata ta tuge alkama cike da hannu ta rungume a ƙirji kamar jariri. Duk suna faɗin kyau, wayyo kyau, ashe akwai wuri haka a ƙasar nan. Sannan aka ce in riƙe fartanya in tsaya a tsakiya in yi murmushi. Ina jin ƙarar ruwana yana zurarewa kwata ta inda gaɓa ta ɓalle, ina ji da kunnena, na yi murmushin. Har na ce musu a sauka lafiya.

Kafin in toshe ɓarakar in sake jan ruwa, lokacina ya wuce. Ma'aikacin ruwa ya zo ya juya shi ga na gaba da ni, kuma gaskiyarsa ce, shi ma jira yake. Gindin gonar bai sha ba a wannan zagaye, alkamar da ke wurin ta yi fari ta tsaya, ba ta ƙara tashi ba. Kuskurena a nan ba murmushin ba ne kaɗai. Da ka zo hutu, sai na ba ku labarin a matsayin abin dariya, ina kwaikwayon mai tsallen nan, kuna ta birgima a tsakar gida. Na ɓoye muku cewa na yi kwanaki tuwo ba ya wuce mini. Na koya maka da bakina cewa ɓarnar baƙo a gonar tsoho labarin nishaɗi ce. Ga shi ka riƙe darasin, ka kai shi har bayan teku.

To ga gyaransa, ko da ya zo a makare. Duk inda ka tsaya ka ce wurin nan ya yi kyau, ka tambayi kanka bayan wa ya sunkuya ya yi kyaun. Koren da ke ba mai wucewa sha'awa, a wurin mai shi hatsi ne, ko nono ne, ko kuma fargaba ce. Gona ana yi mata sallama kamar gida. In ba ka ga mai ita ba, ka tsaya a bakin katanga, idonka ya shiga, ƙafarka ta jira. Ido ba ya tattake komai. Tsohon nan dai ya fi ubanka, shi ya yi ihu. Ni murmushi na yi.

Akwai kuma abin da ba ka lissafa ba, saboda bas ta tafi da kai. Shanun nan na wa ne? Nasa ne, ko na maƙwabcinsa? Ba ka sani ba. Ni na san abin da buɗaɗɗiyar ƙofa take haifarwa bayan mai buɗewa ya tafi, kuma kai ma ka san rabin labarin. Ka tuna lokacin da matar Buba ta daina kawo mana nono, Innarka ta daina aika mata da dawa? Kuna tambaya ana ce muku ku yi shiru. To, lambun tumatirina ne na wajen titin Zariya, kusa da Garun Malam. Na kewaye shi da ƙaya, na bar ƙofa da nake toshewa da babban reshe. Wata rana na zo na tarar da reshen a gefe, shanun Buba a ciki, sun ci na ci sun tattake na tattakewa. Ban tambayi kowa komai ba. Na kama karsana guda na ɗaure, na ja ta har ƙofar dagaci, Buba yana bina yana rantsuwa ba shi ya buɗe ba. A gaban jama'a na faɗa masa maganganun da ba na wasan Barebari da Fulani ba ne, har na taɓa mahaifinsa da ke kabari. Damina ta zo ta wuce, rani ya zo ya wuce, in mun haɗu a burtali kowa sai ya dubi wani gefe.

Daga baya wata mai sayar da gyaɗa a bakin titi take faɗa wa Innarka cewa ita ta gani da idonta. Wasu matafiya ne motarsu ta yi zafi, suka janye reshen suka ratsa lambun don su ɗebo ruwa a kanal, suka zuba wa motarsu, suka wuce. Ƙila har sun yaba tumatirin. Su sun isa gida sun ci tuwo, mu suka bari da gaba. Sai da na ɗauki ƙafa na je har ruga, na tsuguna a gaban mutumin da na girme shi, kafin ya yarda ya sake zagina da Babarbare. Ranar da ya zage ni kuwa na ji sanyi a raina.

Saboda haka kada ka ce ai ciyawa ce kawai ta kwanta, za ta tashi. Mai yiwuwa yanzu haka akwai tsofaffi biyu a ƙauyen nan da ba sa gaisawa saboda kai. Mai yiwuwa saniya ta ci ɗanyar ciyawa ta wuce kima cikinta ya kumbura. Mai yiwuwa kuma ba abin da ya faru. Ban sani ba, kai ma ba ka sani ba, kuma rashin sanin nan shi ya kamata ya hana ka dariya. In ka ga ɓarna kada ka yanke hukunci kafin ka tambaya, kamar yadda na yi wa Buba. In kuwa kai ne ka buɗe, kada ka bari wani ya ɗauki zagin da yake naka.

Wani laifin ma a wuyana yake. Yayyenka tun suna ƙanana suke ɗaukar tiyo a ka, kai kuwa in ka miƙa hannu sai in ce, "Ku bar shi, ɗan makaranta ne." Na zaci gata nake yi maka. Shi ya sa ka girma ba ka taɓa shuka abu ka yi ta leƙa shi kullum safiya ba, balle ka zo ka tarar dabba ta cinye. Ban raina karatunka ba, ka ji ni da kyau. Muna bukatarsa. Gonakin da ke gangare sun fara yin farin gishiri a sama, wasu ruwa ya kwanta musu a gindi, ba mu san maganinsa ba, don irin wannan aka tura ka. Amma ka san noman kanal gaba ɗayansa buɗewa ne da rufewa. Ka buɗe in lokacinka ya yi, ka rufe in ya wuce, don na ƙasa da kai ya samu. Mutum ɗaya ya manta bai rufe ba, layi guda ya kwana da ƙishi. Gonar bakin kanal da na ce taka ce in ka dawo, ka gwada abin da ka koyo a kanta, maƙwabtanta duk suna zaune a gindin darbejiya ranar da na karanta takardarka. Da wane baki zan ce musu ga wanda zai riƙa karɓar ruwa a samansu? Ba zan ba mutumin da bai iya rufe ƙofa ba. Wannan ba barazana ba ce, haka aikin yake.

Yanzu ga abin da nake so, kuma umarni ne, ba shawara ba. Ka ce karatunku zai ƙare kafin a fara noman rani. To, kafin ka sa ƙafa a jirgi, ka koma wurin tsohon nan. Kada ka ce ba ka san wurin ba. Direban bas ya sani, malamin da ya raka ku ya sani, wanda ya iya gano gidan waya ya aiko da hoto zai iya gano ƙauye. Ka bar abokan nan naka a inda suke, su ma suna da iyaye. Ka bar na'urar hoton a ɗaki. Ka tambayi malaminku yadda ake girmama babba a ƙasar, in hula ake cirewa ka cire, in tsayawa ake daga nesa ka tsaya. In karen ya fito, ban ce ka miƙa masa ƙafarka ba, amma kada ka sake gudu. Gudu ɗaya ya ishi gidanmu.

In ya fito, kada ka ce "mun shiga". Ka ce "na shiga, na buɗe, ban rufe ba, na gudu, na yi dariya". Ka tambaye shi abin da ya faru bayan tafiyarku, ka tsaya ka ji duka ko da zagi ne a haɗe. In akwai maƙwabcin da aka ɗora wa laifi, ka je can ma. In akwai aiki a gabansa, tara ciyawa ne, ɗaukar dutse ne, kwashe kashin shanu ne, ka tuɓe kwat ɗinka ka kama. Hannun da na hana riƙe tiyo, bari ya fara a can.

Na san abin da zuciya za ta raya maka: ai Bature ne, ai ba Musulmi ba ne, ai ya manta. Na tambayi Malam Idi a keɓe. Ya ce haƙƙin mutum ba ya tambayar addininsa, kuma irin wannan Allah ya bar shi ne a hannun mai shi, sai ya yafe. Ka duba lamarin da kyau, Hamisu. Ni da Buba burtali ɗaya muke bi, na samu damar gyarawa ko da na yi jinkiri. Kai kuwa ko sunan mutumin ba ka sani ba. Tsoho ne, teku kuma za ta shiga tsakaninku. In ka baro ƙasar nan ba ka je ba, ba za ku sake haɗuwa ba sai a wurin da ba a ba da haƙuri da baki. Wannan shi ke hana ni sakewa, ba bakin Buba ba.

Ban hana ka yawo ba. Je ka ga teku, ka hau tuddan, ka leƙa dutsen nan mai tsuntsaye amma ka ja baya kaɗan, Innarka ta ce in faɗa maka. Allah bai shimfiɗa ƙasa don a rufe ido a kanta ba, ni ma da na samu da na je. Amma ka yi kallon manomi. Ka gano mini yadda suke jera dutse ya tsaya ba laka, da yadda suke yi da ruwan da ya yi musu yawa, tun da mu ma ya fara kwanta mana. Buba ma, bayan ya gama cin mutuncina, ya biyo ni har ƙofar gida ya rage murya ya ce, in za ka rubuta masa, ka ce ya tambayo yadda suke adana ciyawar nan ba ta ruɓe ba a ƙasar da ruwa ba ya ɗaukewa. Ka ga, abin da ya ba ka dariya shi ya hana makiyayi tafiya gida. Wanda zai ba ka amsar kuwa shi ne mutumin da ka bari yana ihu.

Hoton da ka tsaya a bakin teku Innarka ta ɗauka, ta jingina shi a jikin jeren kwanukanta, duk wadda ta shigo sai an nuna mata. Na cikin ciyawar kuwa ga shi nan na maido maka a cikin ambulan ɗin nan. Ba zai kwana a gidana ba. Ka dube shi, ba fuskarka ba, bayanka. Yaji da daddawa an daka. Na ce ba za a aika ba sai amsarka ta zo, Innarka ta ce to. Yadda ta faɗi "to" ɗin, na san tuni suna hannun direban wasiƙu.

Abu na ƙarshe. Tun daga ranar nan, duk yamma in Buba zai wuce da shanu sai ya tsaya a bakin masallaci ya ɗaga murya: "Babarbare, an rufe?" Yanzu abin ya bazu. Mai shayi yana tambaya, ma'aikacin ruwa yana tambaya, jiya har Malam Idi da ba ya wasa ya dube ni bayan an sallame salla ya ce, "Malam Garba, ko an ji labari?" Ni kuwa sai in sunkuyar da kai in ja carbi. Ban saba rasa amsa a gaban Bafulatani ba, kai ka jawo mini. Ka rubuto mini abin da zan faɗa musu, kuma ya zama gaskiya, ko ya yafe ko ya kore ka. Wannan karon a ɗaki zan fara karantawa, ni kaɗai.

Allah ya kiyaye ka a tudu da kwari, a mota da jirgi. Allah ya sa ka tarar da tsohon nan da rai da lafiya, ya sanyaya zuciyarsa a kanka kamar yadda nake roƙon ya sanyaya tawa. Allah ya ba ka ilmi mai amfani, ya dawo mana da kai ba da nauyin kowa a wuyanka ba. Fushina bai hana ni yi maka addu'a ba, kullum sai na yi, sai dai da ɗaure fuska.

In ka gama da shi za ka fito, ka juya ka ja ƙofar, ka sa mata sakata, ka girgiza ta ka tabbata ta kama, sannan ka tafi.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Malam Garba na bakin kanal.